RA'AYI: Motar gudu ta hannu a kan albashin wata: lissafin da ya kamata a yi kafin a karɓi makulli

Duk wanda ya saba bi ta Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ko harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa da safe ya ga yadda wuraren ajiye motoci suka sauya kama. A tsakanin Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da aka san ma'aikata da su, yanzu akan hangi wasu motoci masu faɗin taya da bakin salansa huɗu, waɗanda gurnaninsu ke riga su isowa: Mercedes-Benz samfurin AMG, BMW mai tambarin M, Range Rover Sport, Dodge Charger, Golf GTI. Galibinsu na hannu ne, an shigo da su daga Amurka ko Turai bayan sun kwashe shekaru a hannun wasu. Cikin masu su akwai matasan jami'ai da hadiman masu riƙe da muƙamai, kuma ga da yawa daga cikinsu ita kaɗai ce motar gida. Da ita za a kai yara makaranta, a wuce ofis, a bi ayarin maigida zuwa filin jirgin sama, sannan a koma gida cikin cunkoson Nyanya ko na Kubwa.

Sha'awar abin hawa mai kyau tsohuwar ɗabi'a ce, kuma babu wanda zai ga laifin mutumin da ya tara halaliyarsa ya sayi abin da ransa ke so. Abin dubawa shi ne ko motar da aka ƙera domin gudu, ta kuma tsufa a wata ƙasa, za ta iya ɗaukar hidimar yau da kullum a Abuja ba tare da ta cinye albashin mai ita ba. Za ta iya, amma bisa wasu sharuɗɗa masu tsada waɗanda ba kasafai dillali ke ambata su ranar ciniki ba. Ma'aikacin da bai san sharuɗɗan nan ba, ko ya san su amma aljihunsa ba zai iya cika su ba, ya fi masa alheri ya haƙura.

Abin da ke fara jan hankalin mai saye shi ne farashi. Mercedes C63 AMG da ta fito a 2008, mai injin silinda takwas na lita 6.2 da ƙarfin doki 451, an sayar da ita sabuwa a Amurka a kan sama da dala 50,000. Bayan shekara goma sha biyar, kuɗinta ya faɗi ƙasa warwas, har mai neman mota ya riƙa auna ta da wata Camry da ta fi ta ƙuruciya. Sai dai faɗuwar darajar mota ba ta sauke farashin kayan gyaranta. Faifan birkinta da giyarta da famfon manta duk suna nan a matsayin kayan mota mai tsada, kuma shekarun da suka karya mata farashi su ne dai shekarun da suka gajiyar da robobinta da bututunta da wayoyinta. Mai ita na farko ya ci ƙuruciyarta a ƙarƙashin garantin kamfani, na ƙarshe kuwa shi ke gadon tsufanta da aljihunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce mutane da yawa ba su san rariya suka saya ba sai bayan wata shida.

Kayan gyaran nan kuma da dala ko yuro ake sayo su, alhali albashi da naira ake biya. Kafin watan Yunin 2023, ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ma'anar wannan ita ce, kayan da kuɗinsa bai motsa ko kaɗan ba a Jamus ya ƙara tsada ƙwarai a hannun mai saye a Apo. Albashin ma'aikacin tarayya bai yi irin wannan tsalle ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024, da gyaran da ya biyo baya a matakan sama, duk ba su kamo tashin farashin kayan da ake shigowa da su ba.

Lissafin fetur ya fi kowanne sauƙin yi, kuma shi aka fi kawar da kai daga gare shi. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC na Abuja. Cikin kwana biyu ta koma naira 537, a watan Oktoban 2024 kuma ta kai naira 1,030. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 25 daga gida zuwa ofis. Zuwa da dawowa kilomita 50 ke nan, a ranakun aiki 22 kuma kilomita 1,100. Mota mai babban injin silinda takwas da wuya ta wuce kilomita biyar a lita ɗaya cikin gari, don haka za ta sha lita 220. Ƙaramar mota mai silinda huɗu da ke yin kilomita 11 a lita za ta sha lita 100. In aka ƙaddara lita a kan naira 1,000, ɗaya ta ci naira 220,000 a wata, ɗayar kuma naira 100,000. Wannan kuɗin zuwa aiki ne kawai, ba a sa zirga-zirgar ƙarshen mako ko tafiya gida lokacin sallah ko kirsimeti ba.

Bayan yawan fetur akwai batun irinsa. Injinan gudu na Turai an tsara su ne a kan fetur mai ma'aunin okten 95 zuwa 98, saboda suna matse iska da mai sosai kafin fulogi ya kunna wuta. A yawancin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa, kuma ma'auninsa na ƙasa da abin da waɗannan injina ke nema. Idan okten ya gaza, man kan kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke sa inji ƙwanƙwasa. Kwamfutar motar tana jin wannan ƙwanƙwasa ta jinkirta kunna wutar domin ta kare injin, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya hauhawa. Wato mai motar ya biya kuɗin dawaki ɗari huɗu, amma wasu daga cikinsu a ɗaure suke. Wanda kuma ya je aka taɓa masa kwamfutar domin ƙarin gudu, ya rage wa injin wannan kariya a kan man da tun asali bai ishe shi ba.

Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga tashar Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa. Motoci sun lalace, layuka sun dawo gidajen mai na tsawon makonni. Irin wannan gurɓataccen mai ya fi yi wa injinan zamani illa, musamman masu fesa mai kai-tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfin gaske, domin famfonsu da nozul ɗinsu ba sa jure datti ko ruwa. Mai irin wannan mota ba shi da damar sayen man jarka a bakin titi ranar da gidajen mai suka rufe, kuma wajibi ne ya tsaya a kan gidan mai ɗaya ko biyu da ya amince da su.

Sai kuma yanayin tuƙin kansa. Mutane na ɗauka cewa motar da ba a gudu da ita hutawa take yi. Ga injin mota, tsayuwa cikin cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a zafin Maris da Afrilu da kan kusanci digiri 40, aiki ne mai wahala. Iska ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata, baƙin mai na dahuwa, giya na ta shiga da fita tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Littattafan da kamfanonin motoci ke bayarwa sun sa gajerun tafiye-tafiye, doguwar tsayuwa da inji a kunne, da hanya mai ƙura a jerin yanayi mai tsanani da ke buƙatar a gaggauta juyen mai. Hanyar Mararaba zuwa AYA da safe, haɗe da ƙurar hunturu, ta cika dukkan waɗannan siffofi. Saboda haka dogon zangon da kwamfutar motar ke nunawa kafin juye, wanda aka lissafa da hanyoyin Turai da man Turai, bai dace a bi shi a nan ba. Ya fi aminci a juye tsakanin kilomita 5,000 zuwa 7,000, da ainihin man da kamfani ya ƙayyade. Babban injin AMG ko M kuma yana cin lita takwas zuwa tara a juye ɗaya, wato ninki biyu na abin da Corolla ke ci.

Zafi ne babban makashin waɗannan injina, kuma a nan ne wata tsohuwar al'ada ta gareji ke yin ɓarna. An saba idan mota ta iso daga waje a cire mata tamostat, a haɗa fankarta kai-tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo, a ce wai an daidaita ta da zafin Najeriya. Injin zamani an tsara shi ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi da aka ƙayyade. In an cire tamostat, kwamfuta za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai fiye da buƙata. Ruwan famfo kuma yana cin alminiyon inji yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, sannan yana saurin tafasa fiye da ruwan sanyaya inji na musamman. Yawancin motocin Jamus da na Ingila suna da bututu da tankin ruwa na roba masu tsagewa idan sun tsufa, wasu samfuran BMW kuma famfon ruwansu na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. Mintuna kaɗan na tafiya bayan allurar zafi ta haura sun isa su lanƙwasa kan inji, gyaran da kuɗinsa kan kai wani babban kaso na kuɗin motar.

Kowane samfuri yana da ciwonsa da masana suka daɗe da sani. Injinan farko-farko na C63 mai lita 6.2 sun yi suna da karyewar ƙusoshin da ke ɗaure kan inji, da saurin cinyewar kamshaf. BMW M3 ta 2007 zuwa 2013, mai injin silinda takwas na lita 4 da ke juyawa sama da sau 8,000 a minti, an san ta da cinyewar abin da makanikai ke kira metal, shi ya sa masu kula ke canza shi tun kafin inji ya buga, kuma man 10W-60 aka ƙayyade mata. BMW 335i mai turbo biyu ta sha fama da famfon mai, har kamfanin ya yi wa motoci kusan 130,000 kiranye a Amurka a watan Oktoban 2010. Range Rover Sport mai injin lita 5 tana da rauni a sarƙar taimin da kuma balan-balan ɗin iska da take zaune a kai. Golf GTI mai giyar DSG tana buƙatar a canza man giyar duk bayan kilomita 60,000, abin da masu ita da dama ba su taɓa ji ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da magani. Amma mai saye ya kamata ya tambaya ko an riga an yi gyaran, in ba a yi ba ya sa kuɗinsa cikin farashin motar tun daga farko.

Gaskiya ne cewa ba dukkan motocin gudu ne suka zama ɗaya ba. Lexus IS F mai injin lita 5 da ƙarfin doki 416, da ƙannenta IS 350 da GS 350, sun yi suna wajen juriya, injinansu ba su da turbo, kuma makanikan Najeriya sun fi sabawa da kayan gidan Toyota. Ga wanda ya nace sai mota mai ƙarfi, inji marar turbo mai silinda shida ya fi sauƙin riƙo a kan mai turbo biyu da tarin na'urori. Duk da haka tambari ba ya maye gurbin tarihi. BMW da aka riƙa yi wa juye a kan lokaci, da takardun shaida a hannu, ta fi Lexus da ta kwana uku cikin ambaliya.

Ƙafafun motar ma suna da nasu kason. Tayoyin motar gudu faffaɗa ne, gefensu siriri, sau da yawa na baya sun fi na gaba faɗi ta yadda ba za a iya musanya su domin su cinye daidai ba. Robarsu mai laushi ce domin ta kama kwalta, don haka tana saurin ƙarewa. Manyan titunan tsakiyar Abuja sun dace da su, amma ma'aikata ƙalilan ne ke zaune a Maitama ko Asokoro. Wanda zai shiga lungunan Lugbe, Karu, Dutse ko Gwagwalada da damina ya san rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ya tsaga rim. Motar da ke kusa da ƙasa kuma tana shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa, in ta shiga ruwan da ya taru a kan hanya ta zuƙe shi, injin ya gama aiki nan take. Tayar hannu da ake kawowa daga waje ba mafita ba ce ga motar da ke iya wuce kilomita 200 a awa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma duk mai saye ya kamata ya iya karanta su.

Babban haɗarin da ya fi waɗannan duka yana faruwa ne tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Wani kaso mai yawa na motocin Amurka da ke shigowa Afirka ta Yamma daga kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAAI suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yanke cewa gyaransu bai cancanci kuɗinsa ba. Wasu haɗari suka yi, wasu ruwa ya shanye su, kamar dubban ɗaruruwan da guguwar Harvey ta nutsar a yankin Houston a 2017. Motar gudu ta fi kowace yiwuwar kasancewa ta sha wuya a hannun mai ita na baya, domin ba don tafiya a hankali ya saye ta ba. Fenti da man goge dashbod suna rufe abubuwa da yawa, mitar tafiya kuma ana iya mayar da ita baya. Motar da ruwa ya taɓa shiga takan yi lafiya na 'yan watanni, daga nan tsatsa ta fara cin mahaɗan wayoyi, fitilun gargaɗi su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san inda zai fara.

Rigakafin wannan ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da yake tsarewa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, a shafuka irin su Carfax, har a wasu lokuta a ga hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Bayan wannan sai a kai ta garejin da mai saye ya zaɓa da kansa, a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashinta, a jona mata kwamfutar da ke karanta dukkan sassanta, a tayar da injin da safe yana sanyi a saurara, a auna matsin kowace silinda. A tabbatar ba a kwashe matatar hayaƙin da ke cikin salansa ba, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, domin ana yawan cire ta a sayar. A kuma tantance takardun kwastam, tunda an haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun ranar 1 ga Janairun 2017, kuma motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya ƙwace ta a hannun wanda ya saya. Dillalin da ya ƙi yarda a yi wannan bincike ya riga ya ba da amsa.

Bayan saye, rayuwar motar tana hannun makaniki. A unguwar makanikai ta Apo da sauran garejin birnin akwai masu hazaƙa ƙwarai, amma gogewar mafi yawansu a kan motocin Japan take. Motar Jamus ta zamani tana buƙatar wanda yake da kwamfutar da ta dace da ita, ya san ƙarfin da ake ɗaure kowace ƙusa, ya kuma iya gano ciwo kafin ya fara canza kaya. Gyaran lalube, inda za a canza wannan a gani, a canza wancan a gani, shi ne ya mayar da motoci masu tsada kayan ado a ƙarƙashin tamfol a gidaje da dama na Gwarinpa da Lokogoma. Ga kuma jabun baƙin mai da jabun filta da suka cika kasuwa cikin kwalaye masu kama da na asali. Wani kayan kuwa babu shi a Apo, babu a Ladipo ta Legas, sai an yi odarsa daga waje a jira makonni. Ga hadimin da ake sa ran ganinsa a ƙofar maigida ƙarfe bakwai na safe, mako uku ba mota ba ƙaramin abu ba ne.

Inshora ma tana cikin lissafin. Tun watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Wannan inshora tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne kawai, kuma iyakar abin da take biya na dukiya naira miliyan uku ne. Ba ta gyara motar mai ita. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta yin ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na darajar motar a kowace shekara, wato naira miliyan ɗaya a kan motar naira miliyan 20. Wanda ya ga ba zai iya biyan wannan ba, ya sani cewa yana yawo ne da tarin shekarunsa na aiki a kan titin da kowa ke iya goge masa gefe.

Daga duk wannan, sharuɗɗan sun fito fili. Mai son motar gudu ta hannu ya kamata ya ware wani kaso mai kauri na kuɗin da ke hannunsa, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ya ajiye domin gyaran shekarar farko, maimakon ya zuba komai a kan saye. Ya canza dukkan ruwayen motar da filtoci da fulogi da zarar ta shigo hannunsa, ko da an rantse masa an yi jiya. Ya canza man birki duk shekara biyu. Ya buɗe littafi yana rubuta kowane gyara da kwanan wata da kilomita, domin littafin nan ne zai ɗaga darajar motar ranar sayarwa. Ya samo makanikinsa kafin ya samo motar. Kuma ya tanadi wata hanyar zuwa aiki ta ranar da za ta ƙi tashi. Wanda ya cika waɗannan zai iya morar motarsa shekaru. Wanda sai ya ci bashi kafin ya sayi tayoyi huɗu, motar ta fi ƙarfinsa.

Akwai kuma batun rai, wanda ya wuce na kuɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi. Babu wani titi a Babban Birnin Tarayya da doka ta yarda a yi amfani da ko rabin ƙarfin waɗannan motoci a kansa. Hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa shimfiɗaɗɗu ne masu ruɗar ƙafa, amma mutane na tsallaka su, motocin haya na tsayawa a gefensu ba zato. Inji mai ƙarfi a kan tsohuwar taya da birkin da aka yi wa gyaran araha haɗari ne ga direba da iyalinsa da kuma ma'aikacin da ke jiran mota a bakin hanya.

Yana da kyau a tuna yadda nauyin mota ya koma wuyan ma'aikaci. A shekarun da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ke cika ma'aikatu da 504, gwamnati ce ke saye, ita ke zuba mai, ita ke gyara, kayan gyaran kuma ana samun su a kowane gari. Tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da shi a 2003 ya sauya wannan: aka sayar da motoci da gidajen gwamnati, aka zuba kuɗin sufuri cikin albashi. Tun daga lokacin, ga mafi yawan ma'aikata, duk abin da mota ta ci daga kuɗin makarantar yara da na haya ake yankarsa.

Shi ya sa bashin mota ke buƙatar taka-tsantsan. Tsarin ba da rancen kayan masarufi na CREDICORP da aka ƙaddamar a 2024, wanda ya fara da ma'aikatan gwamnati, da rancen ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu, duk suna da amfani idan aka sayi abin da zai sauƙaƙa rayuwa. Amma cire kuɗi daga albashi ba ya tsayawa don mota tana gareji. Lamarin hadimai ya fi wannan tsanani, domin muƙaminsu a rataye yake da na maigida. Sauyin majalisar ministoci ɗaya, ko hukuncin kotun zaɓe ɗaya, ya isa ya yanke kuɗin shiga cikin dare. A ranar da hadimi ya fita neman mai sayen motarsa da gaggawa, zai tarar masu neman irinta kaɗan ne, kuma dukkansu sun san yana cikin matsi.

A nan ne lamarin ya daina zama na mutum ɗaya ya shafi jama'a. Jami'in da hidimar motarsa ta zarce albashinsa dole ya cike giɓin daga wani wuri, kuma a ofishin gwamnati wuraren cike giɓi sanannu ne: fayil ɗin da ba ya motsi sai an yi ihsani, kuɗin tafiyar da ba a yi ba, ɗan kwangilar da ya ɗauki nauyin canza taya. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ya kuma ce dukiyar da aka samu wadda ba ta yi daidai da halastaccen kuɗin shiga ba za a ɗauke ta a matsayin saɓa ƙa'ida sai an tabbatar da akasin haka. Ba kowane mai babbar mota ne ɓarawo ba, wasu gado suka ci, wasu iyalinsu na da hali. Amma wanda ya ɗora wa kansa hidimar da ta fi ƙarfinsa ya buɗe wa jarabawa ƙofa da hannunsa.

Hukumomi suna da nasu aikin. Tun 2022 Hukumar Kwastam ke amfani da lambar shasi wajen ƙayyade harajin motocin da ake shigowa da su. Tunda lambar na hannunta, ya kamata ta riƙa nuna a takardar fito ko motar ta taɓa yin mummunan haɗari ko nutsewa a ruwa, domin bayanin ya bi motar duk hannun da ta shiga. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ɗauki mayar da mitar tafiya baya da ɓoye tarihin mota a matsayin yaudarar da ake hukuntawa. Hukumar NMDPRA ta riƙa gwada fetur a gidajen mai tana wallafa sakamakon, hukumar SON kuma ta matsa wa masu jabun baƙin mai da kayan birki. Hukumar NADDC ta faɗaɗa horar da makanikai a kan motocin zamani tare da ba su shaidar da mai mota zai iya dogara da ita. Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya kuwa ta sani cewa muddin jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024 bai kai ga Nyanya da Mararaba ba, kuma manyan motocin safa ba su wadata ba, ma'aikaci zai ci gaba da zama fursunan motarsa, kowace iri ce.

Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu su ma za su iya taimakawa ba tare da jiran kowa ba. Babu abin da zai hana su sharɗanta cewa ba za a saki rancen mota ba sai an kawo rahoton tarihinta da na binciken gareji mai zaman kansa. Wannan zai kare mamba, ya kuma kare kuɗin sauran mambobi.

Magana ta ƙarshe tana hannun mai saye. Kafin ya miƙa kuɗi, ya zauna da takarda da biro ya rubuta kuɗin fetur na wata, juye biyu ko uku a shekara, tayoyi huɗu, birki, inshora, da babban gyara guda ɗaya, sannan ya ajiye jimillar kusa da takardar albashinsa. In lissafin ya fita ba tare da ya taɓa kuɗin haya ko ya sa ran alherin wani ɗan kwangila ba, ya sayi motarsa ya kula da ita yadda ta cancanta. In bai fita ba, Corolla ma tana isa Sakatariya kafin ƙarfe takwas.